Ana Neman Ma'aikaci: Wa Zai Tsaya Mana?

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan ajin ƙarshe, saura 'yan watanni mu ajiye biro bayan WAEC da NECO. Daga nan sai zaman jira. Wasu za su jira gurbin jami'a, wasu kuma gida ba shi da halin ci gaba da ɗaukar nauyinsu. Yawancinmu mun san abin da za mu fara yi: mu ɗauki waya, mu leƙa Facebook ko Jiji ko wani zauren WhatsApp, muna neman tallar nan mai cewa "ana neman ma'aikaci".

Ba ta haka iyayenmu na cikin Birni suka samu sana'a ba. Yaron Yakasai ko Koki ko Mandawari, mahaifinsa ne ko kawunsa zai kama hannunsa ya kai shi wurin wani maigida a Kurmi ko Ƙofar Wambai ko Kantin Kwari, ya ce: "Alhaji, ga ɗanka nan, amana." Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe sanayya ce ke riƙe da ita. Maigida ya san gidan su yaro, yaro ya san ƙofar gidan maigida. In an samu saɓani, ga mai unguwa, ga liman. In yaro ya riƙe gaskiya, wata rana a sallame shi da jari.

Sai dai wannan hanya ba ta kowa ba ce. Maraya da ba shi da kawu a kasuwa, wa zai kai shi? 'Yan uwanmu mata kuwa, ba kasafai ake kai su rumfa ba. A nan tallar intanet ta yi rana, domin ba ta tambayar ɗan gidan wane ne kai. Daga ɗaki a Gwale za ka ga ana neman mai kula da POS, ko malamar firamare, ko tela, ba tare da ka ƙarar da kuɗinka a adaidaita sahu kana zagayen kamfanonin Sharaɗa da Bompai ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin N-Power a 2016, ta intanet aka cike takardar nema, kuma yayyenmu da yawa sun samu alawus na naira 30,000 a wata. Wasunsu ma sun koyar da mu a firamare.

Amma tallar da ka gani, dubbai sun gan ta tare da kai. A watan Maris na 2014, Hukumar Shige da Fice ta kira jarrabawar ɗaukar aiki. Fiye da mutum 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a Abuja da wasu garuruwa, aka rasa rayuka.

Babban abin tsoro shi ne, a waya babu wanda ya tsaya wa kowa. Kowa zai iya ɗora hoton ofis da tambarin kamfani. Yayan ɗaya daga cikinmu ya taɓa tura kuɗin fom, aka ce ya ƙara na horo, daga nan lambar ta daina shiga. Wasu masu tallar ba kuɗinka suke so ba, lambobinka na BVN da NIN suke hari. Wani lokaci ma abin ya wuce dukiya. A watan Afrilu na 2021, wata budurwa a Uyo ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki. Wani ya kira ta ganawa, ya kashe ta. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022, amma hukunci ba ya dawo da rai.

Ba cewa muke a jefar da waya ba. Cewa muke mu shiga cikinta da ɗabi'ar Birni. Duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a ɗauke ka, bar shi. Mai neman ma'aikaci shi ke biya. In albashi ya yi wa aikin yawa, tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Nemi adireshi, ka je da rana, ka tambayi maƙwabtan wurin. Kada 'yar uwa ta tafi ganawa ita kaɗai, ko a gida, ko a otal. Ta tafi da yayanta, kuma Umma ta san inda aka nufa. Nuna wa Baba ko malamin aji tallar kafin ka amsa.

Talla za ta iya nuna mana ƙofa, amma kafin mu shiga, mu samu wanda ya san mai gidan. Allah Ya ba mu nasara a jarrabawa, Ya haɗa mu da halal mai albarka.