Muƙamuƙi Daidai da Mai Shi

Hausawa sukan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. To, yaya ke nan ga wanda ciwo ko hatsari ya rushe masa fuskar? Yakan daina zuwa kasuwa, ya riƙa rufe baki da mayafi, cin tuwo ma ya gagare shi.

Dā likita yakan ɗauki ƙarfen da aka riga aka ƙera, ya yi ta lanƙwasa shi a ɗakin fiɗa har ya yi kusa da siffar ƙashin. Amma fuska ba ta da gwanjo, gama kowa da tasa. Yanzu akan ɗauki hoton cikin kai da na'ura, yanka-yanka, kwamfuta ta harhaɗa su ta fito da siffar ƙashin. Idan gefe ɗaya ya lalace, sai a kwaikwayi gefen da yake lafiya, kamar yadda tela yake auna mutum kafin ya sa almakashi.

A shekara ta 2011, a ƙasar Holan, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 83 irin wannan aiki, domin muƙamuƙinta na ƙasa ya ruɓe. Masana na Jami'ar Hasselt ta Beljiyam da kamfanin LayerWise suka narka garin ƙarfen titaniyam da hasken leza, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya zama muƙamuƙi mai nauyin giram 107. Bayan kwana 4 ta koma gida.

A wajenmu kuwa, babban mai cin fuska shi ne ciwon noma, wanda yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa. Akwai asibitinsa a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar Sentinelles kuma tana kula da irin yaran nan a Damagaram. Yawanci akan ɗebo tsoka daga wani sashen jiki a cike gurbin, fiɗa bayan fiɗa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Ashe fuskar da ke bukatar wannan wahala duka kafin a maido ta, ana iya cetonta da magani mai araha. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, baki yana wari, kumatu ya kumbura, kada ta jira gobe. Ta kai shi asibiti yau.