Ɗakin Goyo ko Ɗakin Ja?

Tun shekarar korona unguwanninmu na nan Indiyana suka cika da fararen ɗakunan tafiya. A 2021 kaɗai masana'antun Amurka sun fitar da sama da 600,000, akasarinsu ƙirar yankin Elkhart ne, nan arewacin jihar. Yanzu har 'ya'yanmu sun kamu. Kowa tambayarsa ɗaya: Baba, wanda ake ɗora wa a-kori-kura a baya zan saya, ko wanda ake ja?

Ni kuwa nakan ce, sau nawa za ka fita a shekara? Nan ake yin shiru. Abin da ke cin mutum ba kwanakin tafiya ba ne, watannin ajiya ne. Ɗakin ja yana da tayoyinsa, birkinsa, lambarsa da inshorarsa, kuma taya tana tsattsagewa ko ba ta taka kwalta ba. Unguwanni da yawa ba sa yarda ka ajiye shi a ƙofar gida, sai ka kama hayar fili kana biya duk wata. Kafin sanyi dole ka tsiyaye ruwan bututunsa, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su.

Akwai wani maƙwabcina, mutumin kirki, da ya ci bashin shekaru masu yawa ya sayo na ja. Bazara ɗaya suka more shi. Da ya buɗe ƙofar bayan damina biyu, rufin ya yi yoyo ta gefen taga, katako ya ruɓe, katifar 'ya'yansa ta yi baƙi da funfuna. Har yau yana biya, ga kuɗin ruwa. Wannan cin bashi don abin hutawa shi ne ya fi ƙona mini rai a zamanin nan.

Kada a ce na goyo ba shi da nasa. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ƙarfen, ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, har da kai da iyalinka. Yawancin a-kori-kura ƙirar F-150 abin da za su ɗauka ba ya kai kilo 1,000, ɗakuna da yawa kuwa sun wuce haka tun ba a zuba ruwa a tanki ba. Mai sayarwa zai ce za ta ɗauka. Ba shi zai shiga kwana da iska tana kaɗa motar ba. Ɗora shi ma aiki ne: ka ɗaga shi kan ƙafafunsa huɗu, ka yo baya a hankali, tazarar kowane gefe ba ta fi 'yan yatsu ba. Amma yana shiga inda na ja ba ya shiga. A hanyar da ta ratsa tsaunukan gandun Glacier a Montana an hana duk abin da tsawonsa ya wuce ƙafa 21.

Na ce a guji saye, amma kuma yara ba sa jira. Yau suna roƙonka ku kwana a daji, gobe sun tafi jami'a. Mai yara huɗu, na ja ne kaɗai zai ishe shi, kuma in ya isa masauki ya kwance shi, motar ta zama tasa. Dattijo da matarsa, in motar babba ce, na goyo ya wadatar.

Duk da haka, wanda fitarsa ba ta wuce sau biyu ko uku a shekara ba, ya yi haya. Ku gwada kowanne na mako guda kafin ku sa hannu a takardar banki, don Allah.