Wanda ke kwana a Mararaba, yana aiki a Abuja

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen tsadar rayuwa, sai hankalinmu ya tafi kan buhun shinkafa da na masara. Gaskiya ne abinci ya yi tsada. Amma ƙaramin ma'aikaci a Abuja, kafin ma ya taka kasuwa, mutum uku sun riga sun raba albashinsa: mai gida, direba da ɗan ga-ruwa.

Ku dubi hanyar Nyanya da sassafe. Masinja, mai gadi, malamar asibiti, direban ofis, duk sun fito daga Mararaba, Ado da Masaka tun duhun asuba suna kokawar mota. Hayar cikin gari ce ta kore su, musamman da yake sai ka biya kuɗin shekara guda cur, wani lokaci ma biyu, ga la'adar dillali a kai. Suka koma bayan gari don neman sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da suka rage a haya sai ya koma aljihun mai mota. An gudu ba a tsira ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kowa ya lissafa wa kansa kuɗin zuwa da dawowa na wata guda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jirgin ƙasa na cikin birni. An ƙaddamar da shi a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka sake tayar da shi a 2024. Yana bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa. Madalla. To ina layin da zai nufi Nyanya da Mararaba, inda cunkoson ya fi tsanani? Mararaba a jihar Nasarawa take, mutanenta kuma Abuja suke yi wa aiki, shi ya sa kowane ɓangare ke ganin nauyin na ɗaya ne.

Ga kuma batun fili. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnati, samun takardar mallaka kuwa sai mai ƙafa. Talaka kan sayi fili a inda babu titi, babu famfo, babu magudanar ruwa, ya yi gini, sannan ya ƙare rayuwarsa yana sayen ruwan kura da man janareta. A Maitama da Asokoro kuwa ga manyan gidaje nan a kulle, sai mai gadi kaɗai. Ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don asusun gidaje, su nawa ne suka karɓi mabuɗi?

A ganina, gwamnati ba sai ta gina wa kowa gida ba. Ta yanka filaye kusa da wuraren aiki, ta kai titi, ruwa da wuta kafin mutane su tare, ta sauƙaƙa takarda, ta zuba manyan motocin haya masu hanyarsu ta daban kamar yadda Legas ta fara a 2008. Mutanenmu sun iya gini da kansu.

Idan masu neman ƙuri'a suka zo unguwarku, don Allah kada ku tsaya a kan taliya da atamfa. Ku tambaye su yaushe famfo zai kawo ruwa, kuma nawa za a riƙa biya zuwa wurin aiki.