Jibin da Turanci Ya Yar

A zaman ƙungiyarmu na watan jiya muna juya wani gajeren labari zuwa Turanci, sai muka ci karo da "jibi". Kalma ɗaya tak, amma sai da ta ci mana kalmomi huɗu. Wani ya ce ai Turanci ba shi da jibi. Da muka bincika, ashe ya taɓa samu, yar da shi ya yi.

Kalmar ita ce overmorrow. Gaɓa biyu aka haɗa: over, wato tsallake, da morrow, wadda ta fito daga morgen na tsohon Turanci, ma'ana safiya. Ke nan safiyar da ke bayan ta gobe. Ita kanta tomorrow daga wannan saiwa ta tsiro. Jamusawa har yau suna cewa übermorgen, mutanen Holan kuma overmorgen, ba wanda ke ɗauka tsohon yayi ne. A Ingila kuwa ana samunta a fassarar Baibul ta Miles Coverdale ta 1535, mutumin da ya jingina da fassarorin Jamusanci da na Latin, shi ya sa ake zaton daga Jamusanci ya kwaikwayo ta. A nan ne kuma ake ganin 'yar uwarta ereyesterday, wato shekaranjiya. Babu wanda ya kafa doka ya hana su. Bakin mutane ne bai riƙe su ba, suka koma ƙamus suka kwanta.

Mun yi dariya, har da bugun ƙirji: mu da muke da gobe, jibi, gata, har citta! Dariyar ba ta daɗe ba. A cikin labarin nan akwai inda tsohuwa ta ce wa jikanta sai citta za ta dawo. Cikinmu har da waɗanda suka ɗauka cittar shayi take nufi. Mu fa, masu kiran kanmu marubuta. Da aka tambaya wa ya taɓa sa "gata" a rubutunsa da ma'anar rana, kowa ya yi tsit. "Nan da kwana uku" muke rubutawa.

Aka kawo shawarar a sauya citta don kada mai karatu ya ruɗe. Muka yi ta ja har aka kira la'asar. A ƙarshe mun bar wa tsohuwa cittarta, muka ƙara layi ɗaya inda jikan yake ƙirga kwanakin da yatsunsa, ya tsaya a na huɗu.