Daga Samaru Zuwa Sabon Gari

Ranar Asabar muka sauka a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Shagunan kwamfuta a jere, janareto na ta ruri. A wani shago muka tarar da wata 'yar ajin ƙarshe a sakandare tana koyon riƙe linzamin kwamfuta, hannunta na rawa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, makarantarsu kuwa ko guda babu.

Muka hau Keke Napep zuwa Sabon Gari. Can sa'anninmu ke kwance wayoyi, suna canja gilashi, suna samun na kansu. Ɗaya ya ce mana, "Latsawa kowa ya iya, gyaran ne abinci."

Muka dawo muna tambayar juna: duk datar da muke saye, me ta koya mana?