Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

Uwargida, mu mata kowane ciwon ciki olsa muke kiransa, sai mu jiƙa kanwa mu sha. To, akwai wanda kanwa ba ta yi masa komai.

A bayan tumbi akwai fankiriyas, wadda ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ta kumbura, ciwo kan turnuƙe saman ciki ya ratsa har baya, ga amai. Sau da yawa tsakuwar matsarmama ce sanadi, amma jefi-jefi magani ne. A wajen jinyar yayata na fara ganin Propofol, allurar barci fara kamar madara. Da mai ake haɗa ta, don haka idan an daɗe ana ɗura wa mutum, kitse kan taru a jini har fankiriyas ta kumbura. Ba kasafai ba dai, kada ki ƙi tiyata saboda wannan.

Wanda ya fi damuna Valproate ne, maganin farfaɗiya da ake ba yara. Tun 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa. Idan ɗanki mai shan sa ya riƙe ciki yana amai, ki kai shi asibiti a ranar, da kwalin maganin a hannunki.