Zamanin da Ake Saƙon Fiyano daga Jidda da Dubai

Lokacin da aka yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna a 1987, kiɗa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gado ne. Mai kalangu ɗan mai kalangu ne, kuma shi ke raka mahauta da 'yan mata a dandali. Mai gangar noma ya san kirarin kowane ƙato a wajen gayya. Dr. Mamman Shata yana zaune a Funtua, kusa da mu, kaset ɗinsa na tashi a kowace rumfar mai shayi. Saurayin da bai gaji roƙo ba, ko muryarsa ta kai ina, ba ya kusantar ganga. Dattawan gidansu ba za su lamunta ba.

Abin da ya karya wannan shinge daga Japan ya zo. Kamfanin Casio ya fitar da fiyanonsa na lantarki a 1980, Yamaha kuma ya cika kasuwa da jerin da ake kira PSR. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu finafinan Kano suka rungumi wannan na'ura, kuma da waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ta game gari, kaset ya kai sautin har kasuwannin Sheme da Dandume. Samari suka ji sarewa da ganga da tafi, aka ce musu duk mutum ɗaya ne ke bugawa da yatsunsa. Daga nan sha'awa ta shiga.

Mallakar fiyano kuwa sai mai haƙuri. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ke zubewa, kayan waje na ƙara tsada. Saurayi zai tara kuɗin auduga da na masara, wani ya haɗa da ɗan bijimin da ya kiwata, sannan ya nemi wanda zai aika: maniyyaci mai shirin sauke farali, ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai. A rubuta sunan kamfani da lambar samfuri a takarda, a miƙa da hannu biyu. "Alhaji, don Allah a duba lambar da kyau." Shi kuma ya ce, "In kilo bai yi yawa ba, in Allah Ya so za ka gan shi." Ba rasit, ba shaida, amana ce kawai. Kafin zuwan wayar salula a 2001, mai saƙo ba ya jin komai sai ranar da jirgin alhazai ya sauka. Bayan haka ga kwastan, ga doguwar hanya daga Kano a saman mota, an naɗe kwalin da bargo. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya nemi ɗan Kwatano, wanda aka riga aka yi amfani da shi, a Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano.

Isowar kaya ba ita ce ƙarshen zullumi ba. Fiyanon da ya biyo ta Amurka yana zuwa da adaftar wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa ta haura 220. Wanda ya jona shi kai tsaye, hayaƙi zai gani. Wanda aka sayo a Jidda wani lokacin samfurin ƙasashen Larabawa ne, cike da salon kiɗansu, sai ya fi dacewa da masu bege fiye da mawaƙin biki. Littafin bayani da baƙon harshe yake, don haka da kunne ake koyo, maɓalli bayan maɓalli cikin sittin da ɗaya. Wutar NEPA ba tabbas, ƙauyuka da yawa ma babu ita, sai manyan batura guda shida ko ɗan janareto. Ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin maɓallai, in ya lalace sai mai gyaran rediyo ya gwada sa'arsa, in ya gagara a nufi Zariya ko Kano. Shi ya sa mai fiyano ke ɗinka masa riga, ba ya barin kowa ya taɓa.

Duk wannan wahala ta biya. Ɗan malami da ɗan manomi suka sami hanyar waƙa ba tare da an kira su maroƙa ba. Ɗaliban Islamiyya suka sami kiɗan walima, amare suka sami waƙa da sunansu, kuma da mulkin farar hula ya dawo a 1999, shekarar da Shata ya rasu, 'yan siyasa suka buɗe wata babbar kasuwa. A wannan turba ce Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Danja maƙwabciyarmu, ya yi suna.

Amma akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan sauyi ba da son ransu ba. Bikin da a da ke ciyar da makaɗa da 'yan amshi ya koma na mutum ɗaya da lasifika. Kalangu yana magana, yana kiran sunan mutum da na kakansa ta hanyar matse tsarkiya. Injiniyoyin Japan ba su san da wannan ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yau saurayi na haɗa kiɗa a kwamfuta ko waya, mai kuɗi kuma ya yi oda ta intanet. Sai dai yankin ya sha wuya: sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, da katse layukan waya a 2021 da ya haɗa da ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sun nuna yadda rashin tsaro ya takura rayuwa, dandali da bikin dare suka ja baya. Tsofaffin makaɗan da suka rage ƙalilan ne, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'in.

Ina kira ga matasanmu masu situdiyo a Funtua da kewaye: ku nemi waɗannan dattawa, ku biya su haƙƙinsu, ku naɗi kiɗansu da kirarinsu da sunayensu. Fiyano in ya lalace ana sayo wani daga Dubai. Hannun mai kalangun garinku kuwa, in ya tafi, babu ƙasar da za a aika a sayo shi.